Gabas da Rijiya, Ƙarƙashin Goruba

Ban san mahaifina ba. Ina ciki ya rasu, kuma ba a gida ya rasu ba. Falke ne mai fataucin kanwa, yana bin ayari daga Gumel ya ƙetare ta Maigatari ya nausa arewa, can cikin rairayin ƙasar Nijar. A wata tafiya ciwon ciki ya kama shi a wani dausayi da ayarinsu ke yada zango, bai kwana biyu ba ya cika. Abokan tafiya suka yi masa sutura a can. Abin da ya dawo wa Inna shi ne bargonsa da butarsa, sai kwatancen da madugu ya yi mata daga bakin zaure: an binne shi gabas da rijiya, ƙarƙashin wata goruba mai kai uku, a maƙabartar fatake.

Da wannan kwatancen ta yi takaba, da shi ta raine ni. Duk azumi in an sha ruwa sai ta maimaita mini, har na haddace kamar karatun allo. Ba ta taɓa ganin wurin ba, amma ta ƙawata shi a ranta. Takan ce akwai inuwa, akwai sanyin ruwa a kusa, kurciyoyi na sauka da yamma. Ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce, "Babanka dai yana cikin inuwa." In ta faɗi haka sai ka ga hankalinta ya kwanta, ta ci gaba da tsince wakenta.

Na girma, na kama aiki a sakatariya, na yi iyali, furfura ta fara leƙo mini. Wata rana wani abokin aiki ya miƙo mini wayarsa in ga bidiyo: samari da 'yan mata suna gangarowa daga tudun rairayi suna ihu, ga dabino, ga tantuna. A ƙasan bidiyon an rubuta sunan dausayin, sunan da na taso ina ji a bakin Inna. Ashe akwai wani mutumin Maigatari da ya mai da abin sana'a, yana kwasar baƙi daga Kano da Abuja ya kai su su kwana ɗaya su dawo. Da na gaya wa Inna sai ta tashi ta yi la'asar. Sannan ta ce in ƙafarta za ta iya hawa mota, tana so ta je ta yi masa sallama kafin ta bi shi.

Sai dai akwai abin da ya dame ta. Inna tun da take ba ta taɓa sa ƙafa a maƙabarta ba, ko ta kusa da ita za ta wuce sai ta ratse. Ta aike ni wurin limamin unguwa in tambaya. Ya ce ta tsaya daga gefe, ta yi sallama, ta yi addu'a, ta juyo, kada ta shiga tsakanin kaburbura. Ta riƙe wannan sosai. Burinta ke nan gaba ɗaya, ta hango gorubar daga nesa ta ɗaga hannu.

Na je Maigatari ranar kasuwa na sami ja-goran. Mutum ne mai zaƙin baki, wanda kafin ka gama tambaya ya ce ba matsala. Na zayyana masa komai, har kwatancen madugu. Ya dafa ƙirji ya ce ai wurin nan kamar tsakar gidansu ya san shi, Hajiya ta kwantar da hankalinta, shi da kansa zai kai ta. Ranar tafiya kuwa da kyar na gane shi, don ya naɗa wani rawani baƙi irin na Buzaye har ya rufe hanci. Daga baya direba ya gaya mini rawanin na aiki ne, in an dawo gida cikin akwatin mota yake kwana.

Motoci biyu muka yi. Aka ba Inna gaban mota, ni na hau baya tare da baƙin. Ba zan ce miyagun mutane ba ne. Sun gaishe da Inna da ladabi, wata yarinya a cikinsu har ta ba ta lemo. Amma duk tudun da muka gani sai an tsaya. Su sauko, su hau, su yi hoto, su duba hoton, bai yi ba, a sake. Raƙumi ya gitta, a tsaya. Wata Bafillatana ta wuce da ƙwarya a ka, a tsaya. Sau biyu mota ta kafe muka sauko turi. Inna tana zaune da carbinta, ƙafafunta sun kumbura. Ni ne nake ta cika ina batsewa, ina kallon rana tana sunkuyawa.

Ba mu isa ba sai da duhu ya rufa. Na ji ƙanshin danshi, na ga inuwar dabino baƙi ƙirin, can gefe kuma 'yan fitilun bukkoki. Motocin ba su nufi bukkokin ba, suka kewaya wani fili suka tsaya. Wani dattijo yana wucewa da jakinsa, na yi masa sallama. Ya tsaya ya dube mu cikin hasken mota, ya dubi tantunan da ake saukewa, ya kaɗa jakinsa ya yi gaba bai amsa ba. Abin ya ba ni haushi, na ce a raina wane irin gari ne wannan da ba a amsa sallama. Na tambayi ja-gora me ya sa ba mu sauka cikin mutane ba.

Ya ce, "Yallaɓai, nan ƙasa ta fi ƙarfi, turke na kamawa. Kuma 'yan garin ba sa zuwa nan su dami baƙi."

Na ce maganar Inna fa? Ya ce da safe, yanzu dare ya yi, wa zai je maƙabarta da dare.

Aka kafa tantuna, aka haɗa murhu, aka rataye rago a jikin wata bishiya aka feɗe. Aka ɗaura sifika a wannan bishiyar, kiɗa ya tashi. Samarin suka yi rawa, aka dafa shayi, aka ci nama ana wurgi da ƙashi. Inna ta yi alwala a bayan tantinta, ta haɗa sallolinta, ta ci 'yar tsoka ɗaya don kada a ce ta ƙi. Da na leƙa in yi mata sai da safe, na same ta tana murmushi. Ta ce jikinta na ba ta babana yana kusa. Ta ce ta daɗe ba ta ji daɗin kwanciya irin na wurin nan ba.

Da gari ya fara wayewa na fito, na tarar ta riga ni. Tana tsaye da mayafinta, ta sa sabon zanen da ta ajiye don ranar. Rijiya tana yamma da mu, 'yar tafiya kaɗan, mata sun fara jan ruwa. Inna ta dubi rijiyar, ta dubi inda rana ke fitowa, sannan ta juya ta dubi bishiyar da aka rataye rago. Goruba ce. Kai ɗaya ya rage mata, shi ma ganyen ya bushe rabi. Sauran biyun an sare su, ga dungunsu nan da sawun gatari, wani tsoho wani sabo. Fatar ragon tana rataye, ƙudaje sun fara taruwa, jini ya bushe a gindin.

Sai a lokacin na dubi ƙasa da kyau. Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Wasu 'yan tudda ne dogaye a jere, iska ta kusa share su, duk sun miƙe kudu da arewa. Nan da can bakin tsingaro ya leƙo daga cikin rairayi, irin fasassun tukwanen da ake rufe kabari da su. Murhun da aka dafa mana shayi, da su aka haɗa shi. Turken tantin Inna a tsakiyar ɗaya daga cikin tuddan aka kafa shi.

Wata tsohuwa ta baro rijiya da tulu ta tsaya daga nesa, ba ta tako filin ba. Ta dubi Inna, ta ga sa'arta ce, ta ce da irin Hausarsu ta can, "Baiwar Allah, su yara ne, ke fa? Kin kwana lahiya bisa mutane?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ta dubi ƙafafunta. Ta so ta ɗaga ɗaya, ta rasa inda za ta sauke ta. Matar da ta aika a tambayo mata ko ya halatta ta tsaya daga gefe, ga ta tsaye a tsakiya, ta kwana a kai, ta ci nama a kai, ta zubar da ruwan alwala a kai.

Na je na finciko ja-goran daga tantinsa, ko rawanin bai naɗa ba. Ban tuna duk abin da na gaya masa ba, na dai san muryata ta tashe kowa. Bai musa ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya sani. Tun ranar da na yi masa kwatance a Maigatari ya sani. Ya ce niyyarsa da safe ya kai Hajiya maƙabartar 'yan garin da ke can bayan dabino, akwai goruba a can ma, ta yi addu'arta, ai addu'a ko daga ina aka yi tana isa.

Na ce, "Waɗannan da ka kwantar da mu a kansu fa?"

Ya ce, "Haba yallaɓai, tsohuwar maƙabarta ce, ta fatake. Baƙi ne, ba su da kowa."

Inna tana tsaye a bayana ya faɗi haka. Na ɗaga hannu zan mare shi, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yaro, ta ce kada in ƙara wa wurin nan wani abin. Na sauke.

Baƙin suka yi cirko-cirko. Wasu sun yi salati, wani ya cire takalmi, wani ya ce wallahi da ya sani da bai zo ba, kuma na yarda da shi. Amma ba a jima ba aka fara duba agogo, ana cewa gara a kama hanya kafin rana ta yi zafi, akwai masu aiki gobe. Aka shiga tuge turaku. Duk turken da aka zare sai na ji kamar a jikina.

Inna ta durƙusa gaban murhun. Ta ciro tsingaron nan ɗaya bayan ɗaya, sun yi baƙi da hayaƙi, ta goge su da bakin sabon zanenta. Ba ta san wanne ne na wa ba, ba ta san wanne ne kabarinsa ba. A gindin gorubar kaɗai akwai tudda da yawa. Sai ta bi su tana ɗora wa kowanne guda, tana tafe a rarrafe don kada ta taka. Na kwance fatar ragon, na kankare jinin da hannuna na rufe da rairayi. Da ta gama ta fita can gefe, inda liman ya ce ta tsaya, ta fuskanci filin ta yi sallama ta ɗaga hannu. Ina jin ƙarar waya a bayana, yarinyar nan mai lemo tana ɗaukar ta hoto. Direba kuma yana ta danna ham.

A hanyar dawowa ba a tsaya hoto ba ko sau ɗaya. Da muka iso Maigatari ja-goran ya zagayo ta tagar Inna ya ce Hajiya a yafe, ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ni ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Na yi magana a inda nake ganin za a ji, aka ce ai wata ƙasa ce, aka ce a yi haƙuri. Bayan 'yan watanni abokin aikin nan ya sake nuna mini sabon bidiyo. Tantuna suna nan a inda suke. Gorubar ce ban gani ba.

Maƙwabta sun yi ta shigowa yi wa Inna sannu da hanya, suna tambaya ko ta ga kabarin Malam. Takan ce ta gani, alhamdu lillahi, ta kawo wata maganar. Azumi ya zo, muka sha ruwa, na zauna kusa da ita ina jira. Ba ta ce gabas da rijiya ba, ba ta ce kurciyoyi ba. Har watan ya ƙare ba ta ambace shi ba, haka na bayansa. Abin da ta rayu da shi tun ina ciki, a kwana ɗaya aka raba ta da shi, kuma wanda ya yi hakan yana can yana naɗa rawani.

Sau ɗaya ta sake tayar da maganar, a ciwonta na ƙarshe. Ina yi mata fifita da rana tsaka, an ɗauke wuta, ɗakin ya yi zafi. Na ɗauka barci take. Sai ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Da ban je ba, da har yau babanka yana cikin inuwa."