Makirufo a Wuyan Riga

Mai kula da sauti bai san sunanta ba. Ya dai ga manhajarta ta tsaya cak tana tsakiyar jawabi, ɗakin taro cike da masu rubuta manhaja. Ta yi murmushin yaƙe, ta kunna bidiyon gwajin da ta ɗauko tun daga gida saboda irin wannan rana. Aka tafa mata.

Yanzu ga ta zaune a ƙasa bakin ƙofa, takalma a gefe, gumi ya jiƙe mata baya, murfin robar ruwa ma ya gagare ta. Da gani karon farko ne. Wataƙila kujerun falonsu sun haddace jawabin nan.

Ta manta da ƙaramin makirufon da ke wuyan rigarta. Waya take yi, muryarta na shigo wa mai kula da sautin kunne shi kaɗai, ta na'urar sauraronsa.

"Yaya, na gama, kuma ban mutu ba! Manhajar ta ci amanata, amma ba wanda ya tashi ya fita."

Tana saurare, dariya na ƙwace mata har da hawaye.

"Wani taron kuma? Haba Yaya, bari in sa takalmi tukuna."

Mai kula da sautin ya yi murmushi, ya kashe layin makirufonta.