Sumul Ya Daɓe Gonar Ridi

Sumul ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Tun yana saurayi ya shiga kamfanin gina hanya. Ya fara da ɗaga wa motoci jan ƙyalle, ya ƙare a kan motar daɓe kwalta, mai ƙatuwar gangar ƙarfen nan a gaba. A kanta ya yi furfura. Duk abin da ya gani da tudu sai ransa ya ɓaci. Ko gado matarsa ta gyara, sai ya bi da tafin hannu.

Da aka sallame shi ya dawo gida, ba gona ba sana'a. Yayarsa ta tausaya masa, ta ce ya zo ya kama mata aiki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gonar ridi ce ke riƙe da gidanta. Irin da take shukawa nata ne, ita ke zaɓensa duk kaka ta adana a tulu. Abin da ke tulun nan shi ke nan, babu wani.

Ƙwayar ridi 'yar mitsitsiya ce. In an watsa ta, sai an danne ƙasa kaɗan don ta kama danshi. Ƙungiyar manoma tana da rola ta wannan aikin, wadda tarakta ke ja: zobban ƙarfe ne masu haƙora jere a sanda ɗaya, kowanne na juyawa da kansa. Tana farfasa dunƙulen ƙasa, ta danne iri, ta bar ƙananan kwaruruka a sama inda ruwan sama zai tsaya ya nutse. Wannan rolar Yaya ta aike shi ya nemo.

Ya dawo yana yatsina fuska.

"Yaya, wannan ai mataji ne, ba rola ba. Duk inda ta bi sai ka ce kaji sun yi tono."

"Tonon kajin nake so, Auta. Koma ka ɗauko."

Ya ce to. Sai ya zarce wurin mai walda, suka samo tsohon tankin ruwa, suka cika shi da yashi, suka liƙe, suka sa masa hannun ja. Ranar da aka watsa iri, Yaya ta tafi asibiti da ciwon gwiwarta. Ƙasar tana da yumɓu, ga ta da lema. Sumul ya sa mai tarakta ya ja tankin ya bi gonar tsaye, ya bi ta kwance, ya sake bi, shi yana biye a ƙasa yana nuna inda bai kwanta ba.

Da ta dawo ta tarar da gonarta tana sheƙi kamar tsakar ɗaki. Ga shi tsaye ya riƙe ƙugu.

"Ki duba aiki, Yaya. Ko allura ta faɗi sai kin gan ta."

"Allura na shuka?"

Ta juya ta tofar da yawu.

Aka yi ruwa mai ƙarfi. Bai sami wurin tsayawa ba, ya kwarare ta gangare kamar a kan kwanon rufi. Rana ta biyo baya ta gasa abin da ya rage. Saman ƙasar ya yi ɓawo, in ka ƙwanƙwasa har ƙara yake. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tata tana nan kamar kan mai sanƙo.

Ta durƙusa da gwiwar da ke ciwo, ta sa wuƙa ta ɓamɓare ɓawon. Ga su nan a ƙasa, fararen tsirrai, sun taso sun bugi rufi sun lanƙwashe sun mutu. Ta ɓamɓare can, ta ɓamɓare nan, duk labari ɗaya. Ta ɗebo su a tafin hannu ta kai masa har hanci.

"Ga aikinka."

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Gaskiya an yi kuskure. Da an ɗan ɗaga tsakiya, an yi magudana gefe da gefe..."

"Tir da kai, Auta. Gemu fari fat, ba ka san bambancin gona da titi ba."

Kafin sati ya zagayo masu babur sun gane wurin. Hanyar gari duk laka ce, sai suka riƙa yankewa ta gonar, har da ɗaga mata hannu. Wani ma ya tsaya ya tambayi wanda ya yi aikin, Sumul ya yi murmushi bai ɓoye ba.

A bakin shinge kawai ridi ya fito, siririn layi inda tankin ya kasa kaiwa. Ta kewaye shi da ƙaya, ta yi masa noma da hannunta, ta hana kowa matsowa. Da kaka ta girbe shi ta kakkaɓe a kan tabarma. Babu na sayarwa, babu na ci. Iri ne kawai, shi ma na rabin gona.

Sumul ya leƙo yana murza hannu, ya ce baɗi in Allah ya kai mu zai rage yashin tankin.

"Baɗi," in ji ta, "in na ga sawunka a gonata, kai zan sa a danne."