Ranar da Ramatu ta ta da na'urar tikiti

Na sha jin wai 'yata Ramatu ce ta ta da na'urar tikitin kamfanin motocinsu da ta tsaya ana jajibirin Sallah. Ban yarda ba, tunda gwajin aiki take yi.

Jiya na tambaye ta.

Ta ce, "Baba, manhajoji biyu ne a sabar Java ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da su. Ta tikiti tana buƙatar ta kujeru, amma ba a rubuta ta dogara da ita ba. Sai na rubuta."

Na ce, "Gida ɗaya, kuma sai an gabatar da su?"

"Kai da Kawu Hamani gida ɗaya kuke, amma kana shiga ɗakinsa ba sallama?"

Ku me 'ya'yanku suka koya muku? Ni dai na ƙarshen faɗa mini labarin shugabanta ne, Alhaji Seyni, da ya tako unguwarmu Banifandou ya ce sun ɗauke ta aiki.