Haladu da Malaman Taurarinsa Uku

Haladu na Getso, Allah ya jiƙansa, bai iya zama ba. Ko tuwo yake ci, ƙafarsa ɗaya na rawa. Mai shara ne a wata makarantar kwana a Gwarzo, yana kuma da 'yar gonar gero da ya gada. Abin da ya fi damunsa a duniya shi ne sanin ranar da ya kamata a yi shuka.

Malamai uku yake bi. Akwai Malam Datti a nan Getso, wanda ke lissafin damina da taurari, ya ce in Kaza da 'ya'yanta ta faɗi, a shirya sungumi. Akwai Malam Hammadu na Gude, shi kuwa cewa yake tauraro alama ce kawai, ruwa na Allah ne, a tona ƙasa, in laima ta kai tsawon hannu a zuba iri. Na ukun wani Ba'indiye ne mai koyar da lissafi a makarantar. In Haladu na share masa ƙofar gida sai ya riƙa ba shi labarin manyan masanan taurari na ƙasarsu, da yadda suke faɗin shigowar ruwa tun kafin a ga hadari.

Sai Haladu ya hau keke, yau Gude, gobe Gwarzo, yana kai maganar wannan wurin wancan. Malam Hammadu har ya gaji, ya ce, "Haladu, kai ɗalibi ne ko dillali?"

Da aka shiga tsadar nan ta tsuke bakin aljihu, Ba'indiyen ya haɗa kayansa ya tafi, shi kuma Haladu aka sallame shi daga aiki. Rumbu ya yi ƙasa, ba abin da ya rage sai irin shuka a tulu. In wannan ya lalace, gidan ba abinci.

Ruwa ya sauka. Malam Datti ya ce a shuka, Malam Hammadu ya tona ƙasa ya ce bismillah. Gari duk ya fita. Haladu ya tsaya yana kai-kawo a zaure, wai Ba'indiye ya taɓa gaya masa ruwan gaskiya sai rana ta shiga wani tauraro, kuma da saura.

Matarsa Uwaliya ta leƙo ta ce, "Malam, gonar tamu a Indiya take?"

Ya ce, "Ke ba ki san mutumin nan ba. Yara ɗari yake koya wa lissafi."

"Ka taɓa ganinsa da fartanya?"

Haladu ya ci gaba da kai-kawonsa. Ya jira ranarsa, ya shuka lokacin da geron maƙwabta ya kai gwiwa. Kuma ya yi kyau, kowa ya shaida. Sai dai mutane sun girbe nasu sun ɗaure, nashi kaɗai ya rage a tsaye a duk yankin. Tsuntsayen da da suke rarrabuwa gona-gona suka taru a kansa. Shi da Uwaliya suka ɗaura gwangwanaye a igiya, suna ja suna ihu tun hantsi har muryarsu ta dishe. Abin da suka kai gida bai kai su sanyi ba. Ƙaninsa ne ya riƙe su da dawa shekarar nan.

Ya je Gude kansa a sunkuye. Malam Hammadu ya ce, "Mutuminka bai yi maka ƙarya ba, ruwan ƙasarsu ya faɗa maka. Amma bai san tsuntsun Getso ba."

Da Shari'a ta zo, masu wa'azi suka matsa wa masu duba, Malam Datti ya daina maganar taurari a fili. Haladu bai fasa ɗaga kai sama ba bayan sallar asuba, bai kuma fasa gardamar wanda ya fi sani a cikin ukun ba har ya tsufa. Amma da ya ji motsin sungumin maƙwabci, kafin Uwaliya ta buɗe baki ya saɓa nasa ya fita.