Gidan da Baffa Ya Gina a Hanyar Waya

Mahaifina ya bar mana fili guda a hanyar Kalambaina. Ba wani babba ba ne, amma Inna, mahaifiyata, tana shuka kuɓewa da yakuwa a ciki, kuma da shi muke cin miya. Ba a yi sadakar arba'in ba ƙanensa, wanda muke kira Baffa, ya zo da abokan hirarsa biyu, suka shaida wai marigayi ya ba shi filin tun yana da rai. Bai jira kuɓewar ta nuna ba ya sa aka tuge ta. Ina tsaye Inna ta dawo da kwando wayam, ta ajiye, ta shiga ɗaki. Shekarata goma sha huɗu, kuma tun ranar na tsane shi.

Na girma na yi karatun awon ƙasa, na sami aiki a ofishin da ke tsara hanyoyin manyan wayoyin lantarki. Inna ta rasu kafin a kawo mana aikin da ya fi kowanne girma: za a kafa tashar hasken rana a bayan gari, a ja wutar zuwa cikin Sakkwato a kan dogayen turakun ƙarfe. Mun yi watanni muna yawo cikin rana da na'urar awo, muna kauce wa maƙabarta da makarantu. Ban ja layin don Baffa ba, Allah shaida ne. Amma da aka shimfiɗa taswirar ƙarshe a tebur, na ga ya ratsa tsakiyar filin, sai da na fita waje don kada a ga fara'ata.

Ƙa'idar aikin a fili take. Ba a zama a ƙarƙashin wayar. An zagaya an rubuta duk abin da ke kan hanyar, an rufe, kuma duk ginin da ya tashi bayan haka rushe shi za a yi ba diyya. An faɗa a rediyo, sai dai Baffa yana Kano sarin atamfa a lokacin. 'Yan turakun katako da muka kafa muka shafa musu jan fenti kuwa, mata masu neman itace sun kwashe kusan duka.

Guda ɗaya da ya rage shi ya kawo Baffa gidana a unguwar Gidan Dahala, mutumin da bai taɓa tako ƙofata ba. Ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta sa mini albarka.

"Ɗana, wani icce nig gani da jan fenti cikin hilina," in ji shi. "An ce waya za ta biya nan. Ni ko gida ni ka son ginawa, in bar haya in huta. Kai ka cikin abin. Mi kag gani?"

Hilina, wai. Na dubi bakin da ya faɗi haka.

"Baffa, gina abinka," na ce. "Waya can nesa za ta bi."

Ya sayar da rabin kayan shagonsa ya sayi siminti. Ni kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai in biya in ga aiki. In yaba kaurin bango, in ce ai falon ya yi ƙanƙanta ga mutum irinsa, ya ƙara masa faɗi. Ya ƙara. Har tayil na raka shi ya zaɓa, na nuna masa mai tsadar. Yana gaya wa mutane a kasuwa cewa ɗan wansa ya yi hankali, ya san zumunci. Daɗin da nake ji a waɗannan Juma'o'in, ban taɓa jin irinsa a cin wani abinci ba.

An kafa ƙofofi, saura fenti, aka manna masa takardar rusau. Ya yi ta zarya ofis-ofis da babbar riga, kowa ya buɗe taswira ya nuna masa ranar da aka rufe rubutu. Ni na ɗauki hutu a makon.

Ranar rusau na je. Da hantsi ne, motar rusau ta sa haƙoranta a falon nan mai faɗi, ya zube kamar tulin ƙasa. Baffa yana zaune a kan bulo, hularsa a hannu, ya tsufa a cikin wata guda. Ya ɗago ya gan ni, ya daɗe yana kallona.

"Ashe ka sani?"

"Na sani, Baffa. Tun ba ka sai buhu guda ba."

Na zaci zai yi mini Allah ya isa, har na shirya amsa. Sai kawai ya mayar da hularsa, ya miƙe da ƙyar, ya bi gefen titi a ƙasa.

Yau yana ɗaki guda a gidan surukinsa a Ƙofar Atiku, ba ya fita sai masallaci. Matata ta ce in je in nemi gafararsa tun yana da rai. Sau biyu ina zuwa har bakin zauren, in tsaya in laluba zuciyata ko zan sami nadama ko kaɗan da zan shiga da ita. Ban samu ba, na juyo.