Inda Aka Yanke Cibiyar Sallau Marini

Sallau marini mutumin Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram ta cikin ganuwa. Kakansa ya ɗauki laka a ka lokacin da ake ɗaga ganuwar, ubansa kuma shi ya haƙa rijiyoyin karofin da Sallau ya gada. Tun yana saurayi shuni ya kama hannuwansa har gwiwa, ba sabulun da ke fidda shi. Ba mai yawan magana ba ne. Ya jiƙa toka, ya zuba shuni, ya dama da muciya, ya tsoma zane ya ɗago ya matse, haka ranarsa take faɗuwa. Buzaye kan sauko daga arewa su nemi turkuɗinsa musamman. Matarsa Kulu ce, ɗiyarsu guda da ta rayu kuma Aisa.

A kakar gyaɗa ta shekarar 1954 abin ya same shi. Wani Annasara mai aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin sayen gyaɗa ya shigo da kamiyo, babbar motar kaya, ta lungun karofi don ya yanke hanya. Lungun ya yi masa kaɗan, sai ya ja da baya bai waiwaya ba. Kulu na tafe da ƙwaryar fura a ka. Motar ta ture ta, ƙashin cinyarta ya karye. Annasaran ya leƙo, ya ga mace kwance da fura a ƙasa, ya koma zai tafi abinsa. Sallau ya taso daga bakin rijiya hannu jiƙe, ya miƙa ta taga ya riƙe masa gaban riga, ya ce ya sauko ya ga abin da ya yi. Bai mare shi ba, bai zage shi ba, marina duka suna tsaye suna gani. Amma rigar fara ce, kuma yatsun Sallau biyar sun zauna a ƙirjinta shuɗi fes.

Kafin mai ɗori ya gama ɗaure ƙafar Kulu, jandarmomi sun zo sun tafi da mijinta.

Ranar shari'a aka shimfiɗa rigar a kan tebur. Ƙafar Kulu ba wanda ya nemi ganinta. Alƙalin Bafaranshe ne, ya ba wa Annasaran kujera, suka yi magana da harshensu har da murmushi. Sallau kuwa yana tsaye tsakanin gardi biyu. Marina sun zo shaida, aka bar su a rana, ba a kira ko ɗaya ba. Tafinta, wani dattijo ɗan Mirya, ya juya ya faɗa wa Sallau cewa alƙali yana tambayar sunansa, da sana'arsa, da inda aka haife shi.

Kowa ya san al'adar ƙasar nan. Mace ba ta haihuwar fari a gidan miji. In ciki ya tsufa sai a mayar da ita gidan iyayenta, uwarta ta karɓi haihuwar, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, sai ta yi ƙarfi a dawo da ita da goyonta. Uwar Sallau mutuniyar wani ƙauye ce kudu da Magarya, wanda da Turawa suka ja iyaka ya faɗa ɓangaren Ingilishi. Sallau ɗan fari ne. A can aka yanke cibiyarsa, aka dawo da shi Birni a bayan uwarsa tun bai iya zama ba, kuma bai sake kwana a ƙauyen ba sai sau ɗaya, da aka je gaisuwar mutuwar kakarsa.

Tafinta ya ƙifta masa ido, Sallau bai gane ba. Me zai gane? Shi a wurinsa abin alfahari ne a ce uwarsa 'yar mutunci ce da aka kai gida haihuwa. Ya faɗi sunan ƙauyen da ƙarfi, har ya ƙara da sunan kakansa na wajen uwa.

Alƙali ya ajiye alƙalami ya tambaya ko ƙauyen a ƙasar Faransi yake. Tafinta ya ce a'a, amma ranka ya daɗe mutumin nan ɗan Damagaram ne kaka da kakanni, al'ada ce kawai ta kai uwarsa can, ni ma da ke gabanka ba a gidan ubana aka haife ni ba. Alƙali ya ce bai tambayi al'ada ba, wuri ya tambaya. Aka rubuta Sallau baƙo, talakan Ingilishi.

Annasaran aka ja masa kunne ya riƙa lura da tuƙi, ya ɗauki hularsa ya fita. Sallau aka ba shi wata shida a kaso saboda ɗora hannu a kan Bature, kuma da yake baƙo ne da ya ta da fitina, in ya gama a fidda shi daga ƙasar. Da tafinta ya gama juya masa hukuncin, Sallau ya nuna ƙofar da Annasaran ya bi.

"Tambaye shi, shi wancan a wace unguwar Damagaram aka haife shi?"

Tafinta bai juya wannan ba.

A cikin garin nan akwai Kwarori masu kantuna da aka haifa a bayan teku, sukan yi faɗa da masu saye har a fasa kai, ba a taɓa ɗora ɗayansu a mota an kai iyaka ba. Alƙalin kansa bai cika shekara biyu da zuwa ba, bai san ƙofar ganuwa ko ɗaya da sunanta ba. Shi ne ya zauna ya yanke cewa jikan wanda ya ɗauki lakar ganuwar baƙo ne.

Da ya fito kaso ba a bar shi ya shiga Birni ba, aka kai shi iyaka. Kulu ta bi shi tana ɗingishi, da Aisa da tukwanensu. Suka sauka ƙauyen uwarsa, inda 'yan uwan da suka san ta duk sun mutu, saura jikoki masu kiransa Badamagare. Ya haƙa rijiya guda ya gwada rini, ruwan wurin bai karɓi shuni yadda yake so ba, launin ya fito fari-fari kamar na koyo. Rijiyoyinsa na Birni kuwa wasu suka shiga. Ya aurar da Aisa ga Kyari, wani baduku ɗan unguwarsu, don dai ko ɗaya daga cikinsu ya koma gida.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, Sallau ya wanke rigarsa ya tafi Magarya da ƙafa. Tutar ta canja, jandarman da ke bakin hanya ma Bahaushe ne, har ya gaishe shi da baba. Amma ya ce umarnin kora yana nan ba a soke ba, sai dai a rubuta Yamai a jira. Aka rubuta. Amsa ba ta zo ba.

Bayan damina Kyari ya kawo Aisa a kan jaki, cikinta na fari ya tsufa. Kulu ta daɗe tana shiri. Ta tara itacen wanka a bayan ɗaki, ta sayi sabuwar tukunya da kanwa, ta gyara gadon ƙasa. Tun da aka kore su ba a ga fara'arta irin ta ranar ba. Sallau ya amsa gaisuwar surukinsa, ya bari suka sha ruwa, sannan ya ce kada a sauke kaya.

Kulu ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta ce Malam, haihuwar fari ce fa, a ina ka taɓa jin an yi ta a ɗakin miji, da wane ido za mu dubi mutane? Aisa ta sunkuyar da kai tana kuka. Kyari ya ce shi bai kawo ta don ya rabu da nauyi ba, abin da aka saba ya yi.

Sallau ya ce, "Abin da aka saba shi uwata ta yi. Ga ni nan. Wannan ɗan a Birni za a yanke masa cibiya, in an tambaye shi wata rana ya sami abin faɗa."

Ya ce Kulu ta bi su ta yi wankan a can. Ta ce ita suruka ta je ta tare a gidan suruki, ta ci ta sha a gabansa? Ya ce ta ji kunyar, kunya ba ta kai mutum iyaka.

Washegari da hantsi aka ɗaura itacen a kan jaki na biyu, tukunyar a bisa. Sallau ya raka su har dutsen da aka kafa alamar iyaka, ya riƙe wa Kulu hannu ta hau jaki, ya tsaya nan. Yana kallo har gonakin dawa suka rufe su.

Namiji aka haifa, a Birni, gida uku tsakaninsa da karofi. Wani falke ya kawo wa Sallau labari da goron suna. Sallau ya tambaya ko an sa a takarda cewa a Damagaram aka haife shi. Falken ya ce bai sani ba. Sallau ya ce in ya koma ya gaya wa Kyari ya je biro, ofishin hukuma, ya tsaya a kansu har sai sun sa.