Jakadan Abeshe da Ba a Yaye Ba

Duk wanda ya saba hawa adaidaita sahu daga Rijiyar Lemo zuwa Sabon Gari da safe ya san Mahamat, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ba ya zama a baya ko da babu kowa a kujerar. Gefen direba yake maƙalewa, rabin jikinsa a waje, jakar kayan aiki a cinya, yana koya wa direba yadda ake tuƙi a garinsu Abeshe ta ƙasar Cadi. A can, in ji shi, ba a danna hon sai da dalili. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Jakada.

Gida ɗaya muke haya, ƙofarsa na kallon tawa. Ni ina sauka a Fagge wajen masu atamfa, shi ya wuce shagon Oga Obinna inda yake koyon gyaran firiji. Kawunsa ne ya kawo shi ya damƙa shi a hannun Oga, a kan in ya iya ya koma gida ya buɗe nasa shagon. Abin da ya kawo shi ke nan, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ko sannu ka yi masa sai ya ce, "Ni baƙo ne, wucewa zan yi."

Wata rana a cunkoson kasuwar Singa ya hango wani ɗan ƙasarsu, ya ce direba ya tsaya ya gaisa. Gaisuwar tasu kuwa sai an tambayi iyali, an tambayi dabbobi, an dawo kan iyali. Bayanmu motocin kaya sun cika titi da ihu. Direban ya ce, "Jakada, nan Singa ce, ko surukina na gani ɗaga masa hannu nake yi." Mahamat ya sauka, ya kammala gaisuwarsa tsaf, ya ƙarasa Sabon Gari a ƙafa. Da yamma ya ce mini shi direban yake tausaya wa.

Hajiya Falmata mai gidanmu ta gaji da ganinsa a tabarma, ta aika masa da katifa. Ya yi godiya har ƙasa, ya jingine ta da bango. Da ta tambaya, ya ce yana tsoron bayansa ya saba da daɗin Kano ya ƙi tafiya. Hajiya ta ce to ya dawo mata da abarta. Ya ce ai mayar da kyauta rashin kunya ne. Haka katifar ta tsufa a tsaye.

Abin da ba na iya yi wa dariya shi ne maganar yaye. A al'adar su Oga, wanda ya kawo yaro koyon sana'a shi ke zuwa ya karɓe shi, a taru, a sa masa albarka, a ba shi kayan aiki. Kawun kuwa ya rasu tun Mahamat bai daɗe da zuwa ba. Oga ya ce ya kawo ɗan uwa na jini. Muka ce wannan ai mai sauƙi ne, ni zan sa babbar riga in je a matsayin wansa. Mahamat ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam Bukar, da wannan gajartar taka? Kuma ni ba zan buɗe shago da ƙarya ba." Muka ce to ya tafi kawai, tunda aikin yana hannunsa. Ya ce ta ƙofa ya shigo, ba zai fita ta taga ba.

Shi ma Oga bai matsa ba. Me zai sa ya matsa? Yaran da suka zo bayansa, Mahamat ne ya koya musu, aka yaye su yana riƙe musu kujeru. Kowace Kirsimeti Oga ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu, ya bar masa mukullin shago, yana cewa babu mai amana kamarsa. Mu kuma a unguwa duk wanda firijinsa ya lalace sai a ce a kira Jakada, a sallame shi da "Allah ya yi albarka." Fiye da shekara goma ana haka, har furfura ta fito masa.

Bara wansa Adum ya sayar da awaki ya kamo hanya. Ya iso a watan Disamba, ya tarar Oga yana ɗaure kaya a mota. Oga ya yi murna ƙwarai, ya ce su jira shi ya dawo a yi biki mai kyau. Mahamat ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana yi musu ban kwana, har da yafe musu hon.

Zazzaɓi ya kama shi ana saura kwanaki Oga ya dawo. Ya ƙi asibiti, ya ce in ya kwanta wa zai buɗe shagon mutane. Da muka ɗauke shi da ƙarfi, lokaci ya riga ya ƙure.

Oga ya zo ta'aziyya da sabon akwatin kayan aiki, yana kuka, kuma na san kukan gaske ne. Ya ajiye a gaban Adum, ya ce ya yaye Mahamat. Adum makiyayi ne. Ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallon ƙarafan, sannan ya tambaye ni a hankali me ake yi da su.

Ya Allah, bawanka Mahamat ya gaji da baƙunta. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka karɓe shi a matsayin ɗan gida. Amin.